KAFIN A ƊAGA MOTAR GARI, A TAMBAYA: TANA TASHI DA ASUBA?



An gama kaka. Hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake da gujiya, kuɗi ya ɗan shigo hannu. A garuruwa da yawa yanzu akwai mota kat-kat guda, ko ta ƙungiyar manoma, ko ta wani ɗan gari da ya tafi bida ya samo. Ita ke kai buhu kasuwa. Ita ke kawo taki da iri. Ita ke ɗaukar marar lafiya zuwa likita. To, a irin wannan lokaci ne direba kan tashi gaban taro ya ce: motarmu ta yi ƙasa, cikinta yana kama rairayi, a ba ni kuɗi in kai ta gareji a ɗaga ta. Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, kai ke riƙe da littafin kuɗi. Kai za a juyo a duba a ce: Malam, me ka gani?

Ga abin da ni na gani. Kada ka yarda a fitar da ko dala guda don ɗaga mota, sai ka tabbata tana tashi da asuba da makulli, ba da turi ba. In an gama da wannan, kuɗi ya saura, to a ɗaga ta. Amma kaɗan, kuma da kayan kirki.

Bari in faɗa maka dalili. Wata shekara cikin watan Janairu na kwana a wani ƙauye arewa da Dakoro. Motar garin sabon ɗagawa ce, tana tsaye kamar raƙumi, yara suna zagaya ta suna kallo. Cikin dare naƙuda ta yi wa wata mata tsanani, aka ce a kai ta birni. Direba ya murza makulli. Inji ya juya, ya juya, farin hayaƙi na fita, bai kama ba. Ya yi ta murzawa har batir ya mutu. Samari suka taru za su tura, amma wa ya taɓa tura mota mai nauyin tan 2 cikin rairayi? Ƙarshe amalanken shanu aka ɗaura, aka kai ta wani gari inda aka sami mota. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya. Da makaniki ya zo ya duba, bujin ɗumama 4 cikin 6 sun mutu, kan batir kuma ya ci tsatsa. Kuɗin gyaran bai kama ƙafar kuɗin ɗagawar ba.

ME YA SA TAKE ƘIN TASHI DA ƊARI?

Yawancin motocin dajinmu Toyota ne, Land Cruiser da Hilux, da yawa kuma masu shan gazuwal. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ka saba gani, an fara ƙera irinta a 1984. Injin da ake kira 1HZ, mai tukunya 6 da lita 4,2, ya fito a 1990. Inji ne mai haƙuri. Amma sai ka san yadda yake kama wuta.

Motar sansi tana da buji mai ƙyasta wuta kamar ashana. Motar gazuwal ba ta da ashana. Inji ne ke matse iska, ya mayar da mudu 20 da wani abu ya koma mudu 1. Matsewar nan ke sa iskar ta yi zafi fiye da digiri 500. Sai a fesa gazuwal cikinta, ya kama da kansa. Da asubar ɗari ƙarfen inji ya kwana cikin sanyi, sai ya shanye zafin nan kafin gazuwal ya kama. Shi ya sa aka sa wa kowace tukunya ɗan ƙarfe kamar yatsa, wanda kan yi ja wur da wutar batir. Shi ne bujin ɗumama. Shi ke aiki lokacin da ƴar fitila mai kamar murɗaɗɗiyar waya ta kama gaban direba.

Ka lura da wani abu. Ɗarinmu na kudu ba wani ɗari ba ne wajen inji. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, sanyin asuba na Disamba da Janairu yakan tsaya tsakanin digiri 10 da 15. Sai can Bilma da duwatsun Abzin yake sauka kusa da sifiri. Irin injin nan kuwa yana tashi a ƙasashen da ruwa ke daskarewa. Ke nan in motarku ta ƙi tashi da digiri 12, kada a ɗora wa hunturu laifi. Ciwon yana nan tun bazara, ɗari ne kawai ya tona shi.

Hayaƙi zai faɗa maka inda ciwon yake. Ka tsaya bayan mota, direba ya murza. In inji yana juyawa da ƙarfi, farin hayaƙi mai warin gazuwal yana fita, to mai yana zuwa amma babu zafin da zai kama. A duba bujin ɗumama, da fis ɗinsu, da ɗan akwatin da ke ba su wuta. In yana juyawa babu hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya zuwa. In kuwa yana juyawa da ƙyar kamar tsohon jaki, ko ka ji ƙas-ƙas kawai, to batir ne ko wayoyinsa.

Gwada buji ba wuya. A cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu. A ɗauki ƙwan fitila mai waya biyu, a ɗora ɗaya kan batir wajen alamar +, a taɓa kan buji da ɗayar. In ƙwai ya kama, wuta na ratsa shi. In bai kama ba, ya mutu. Mota takan tashi da buji 1 ko 2 matattu, tana tari tana karkarwa, shi ya sa direba ba ya kula. Shawarata, in 2 sun mutu a canza duka 6, don sauran ma suna hanya. A nan karatunka zai yi rana. Akwai lamba rubuce jikin tsohon buji. Akwai mota mai wuta bolt 12, akwai mai 24, kuma bujinsu ba ɗaya ba ne. Ka kwafe lambar cikin littafinka, ka tafi da ita kanti, kada ka karɓi "ai duk ɗaya ne".

Batir kuwa zafin bazara ke kashe shi. Ruwansa yakan ƙafe cikin Afrilu da Mayu, ba a ƙara ba, ko a ƙara ruwan rijiya. Ruwan rijiya yana da gishiri, yana lalata shi. Ruwan batir na kwalba ake sawa. Batir mai lafiya da ya kwana yakan nuna bolt 12,6 a ma'auni. In ya nuna 12,2 rabinsa ya tafi. In inji yana aiki, ya kamata ma'auni ya hau wajen 14. In bai hau ba, abin da ke cajin batir ne ya gaza, sayen sabon batir asarar kuɗi ce. Farin garin da ke taruwa kan batir, a wanke shi da ruwan kanwa, a kankare, a ɗaure tam. Sai dai a kiyaye, kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. A duba kuma babbar wayar da ta tafi jikin inji, ita ake yawan mantawa.

Ga wata magana da ba a son ji. A garin da babu lantarki, motar gari ta zama gidan cajin tarho. Kowa ya kawo nasa a liƙa, ana jin rediyo har dare, inji a kashe. Da asuba sai a ce mota ta ƙi. Ku sayi ɗan faranti mai aiki da hasken rana don tarho, ku bar batirin mota ya kwana da ƙarfinsa.

Sai mai. Gazuwal na jarka da ya daɗe yakan zo da ruwa da ƙasa. A ƙarƙashin matatar mai akwai ɗan marfi da ake kwancewa ruwa ya tsiyaye, a bisanta kuma akwai ɗan famfo da ake dannawa da hannu. In sai an danna famfon nan kowace safiya mota ke tashi, to iska na shiga ta wani tsagaggen tiyo, mai yana komawa tanki cikin dare. Ɗan tiyo ne za a canza. A tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. Man inji kuma, ka karanta jikin galan. Mai lamba 15W-40 yana gudu da sanyi. Mai kauri irin lamba 50 yakan yi kamar zuma da asuba, ya danne inji.

Ƙurar hunturu ita ce babbar maƙiyiya. In matatar iska ta yage, ko aka cire ta wai mota ta yi numfashi, ƙura takan shiga ta goge cikin tukwane kamar dutsen niƙa. Daga nan inji ba ya iya matse iska, ko an sa sabon buji sai wahala. Wannan gyara babba ne, kuɗinsa yakan ci amfanin gona guda. A kakkaɓe matata a kai a kai, a hura ta daga ciki zuwa waje, in ta huje a jefar.

Abubuwa biyu nake roƙon ka hana. Na farko, hura wuta ƙarƙashin inji. Akwai tiyon mai, akwai wayoyi, akwai ɗigon mai da ya taru, ga rumbuna da dannin kara kusa. Na biyu, fesa maganin tada inji na gwangwani, ko kanga tsumma mai sansi a bakin iska. A injin da ke da bujin ɗumama, abin nan yakan fashe tun lokaci bai yi ba, ya karya zoben fistan, wani lokaci wutar ta dawo fuskar mai fesawa. Hanyar kirki ita ce: a murza makulli rabi, a jira fitilar ta mutu. In sanyi ya yi yawa a kashe a sake. A taka kulaci, a tada. Kada a wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ana murzawa. In bai kama ba a huta rabin minti. In an yi sau uku bai kama ba, a tsaya a nemi dalili tun batir yana da rai.

TO, MAGANAR ƊAGAWA FA?

Ba na ce direba ba shi da gaskiya ba. Wanda ya bi hanyar Gure zuwa Tasker, ko Tanut zuwa Balbeji, ya san yadda manyan motoci ke haƙa sawu biyu su bar tudu a tsaka. Da damana ga kwari ga zaizaya. Ƙarafan da mota ke zaune kansu, waɗanda makanikai ke kira lam, wasu su ce sifirin, suna gajiya. Da sababbi ne suna da lanƙwasa kamar baka. In sun tsufa sai su miƙe, mota ta zauna. Ka leƙa ƙarƙashi. Akwai wata ƴar roba tsakanin jikin mota da ƙarfen tayoyi. In babu kaya amma robar ta kusa taɓawa, ko ta murje, lam sun gaji. Mayar da mota tsayinta na asali gyara ne, wajibi ne, ba ni da ja a kai.

Amma ga abu biyu da ba a faɗa wa masu ba da kuɗi.

Ɗaga mota ba ya ɗaga abin da ke kama ƙasa. Dubi ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu, mai kumburi a tsaka kamar tulu. Makanikai na ce masa pon. Shi ne mafi kusa da ƙasa, shi ke noman tudun tsakiyar hanya. Lam suna ɗaga jikin mota ne daga kan pon. Shi pon yana nan inda taya ta ajiye shi. Ko an ɗaga jiki taƙi guda, tulun bai motsa ba. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Tayar da aka saba, mai lamba 7.50R16, tsayinta wajen santimita 80 ne. In an sa mai lamba 255/85R16, wajen santimita 84, tulun zai hau kusan santimita 2, wato rabin bambancin. Ka ga ba yawa. Kuma babbar taya tana rage wa inji ƙarfin ja, tana ƙara wa birki aiki. Amfanin ɗagawa na gaskiya shi ne cikin mota da gindinta su daina bugun kan tudu da bakin kwari.

Na biyu, ɗagawa ba ta ƙara nauyin da mota ke iya ɗauka. Wannan shi ne ainihin abin da wasu ke nema, ba sa dai faɗa. Suna so a ƙara lam don a loda buhu 20. Ka karɓi takardar mota ka karanta. An rubuta nauyinta ba kaya, an rubuta iyakar nauyinta da kaya. Ka ɗebe wannan daga wancan. A Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya za ka sami wajen tan 1. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Ke nan buhu 10, kuma direba da yaron mota da fasinja duk cikin lissafin suke. An ƙara lam, amma birki yana nan yadda yake, pon yana nan, ƙashin bayan mota yana nan. Lam ɗin da ke zama in an cika kaya, gargaɗi yake yi maka. Wanda ya ƙara lam don ya daina ganin zaman, ya toshe bakin mai gargaɗi ne.

Kowane manomi ya san amalanken da aka yi wa lodin kara sama-sama. Da ƙafa guda ta hau tudu sai ya kife. Haka mota. Duk santimitan da aka ƙara, nauyinta ya hau sama. A ɗora buhuna, a ɗora mutane bisa buhuna, a bi gefen tudun rairayi, ko direba ya kauce wa jaki da gudu. Waɗanda ke bisa kayan nan matanku ne da ƴaƴanku masu zuwa cin kasuwa.

Hanyoyin ɗagawa suna da yawa, kuma masu araha su suka fi tsada daga baya. Akwai sa dunƙulen ƙarfe tsakanin lam da pon. Wannan a bayan Hilux kat-kat yake yiwuwa, inda lam ke bisa pon. A Land Cruiser lam ta ƙarƙashin pon suka bi, dunƙule ba ya ɗaga ta. Ko a Hilux ɗin, dogon dunƙule yakan sa pon ya riƙa murɗawa in taya na haƙa rairayi, har ƙusoshi su saki. A gaba kuwa kada a kuskura a sa shi, can ne sitiyari yake. Akwai tsawaita ƴan ƙarafan da ke riƙe wutsiyar lam. Sai an ƙara santimita 10 a sami 5, mota kuma ta riƙa lilo. Akwai kai tsofaffin lam wajen maƙeri a buga su lanƙwasa. Ina girmama maƙeranmu, su ke yi mana hauya da galma. Amma ƙarfen da ya gaji, in an buga shi ƴan watanni ne ya koma, in kuma an sa masa wuta ƙarfinsa ya tafi ke nan, wata rana ya karye tsakiyar daji. Hilux da aka ƙera daga 1997 zuwa 2004, da yawa suna da sandar ƙarfe a gaba da ake ɗaurewa mota ta hau. Kyauta ne, shi ya sa ake wuce gona da iri, sai robobi da mahaɗan ƙafafun gaba su riƙa mutuwa.

Ƙara lam guda a baya, ga motar da kullum take da kaya, ba laifi. Ƙara 3 ko 4 ne ɓarna. Mota takan sandare kamar kututture. Bugun hanya da lam ya kamata su shanye sai ya tafi jikin mota, ƙashin bayanta ya tsage. Ba kaya kuma sai ta yi ta tsalle, taya ba ta zama ƙasa. Ka tuna da marar lafiyar da za a kwantar a baya.

In ni za a tambaya, ga zaɓina: sababbin lam cikakku, na nauyin da motar ke ɗauka kullum, masu ɗagawa santimita 5, ba fiye ba. Land Cruiser da aka ƙera daga 1999 tana da murɗaɗɗen ƙarfe a gaba maimakon lam, a canza shi daidai da na baya don kada ta yi goho. A haɗa da sababbin amortisa masu tsayin da ya dace, su ne masu hana mota tsalle. In an bar gajeru, su za su riƙa riƙe pon a kowane rami har su tsinke. Ka tsaya gareji da kanka a ɗaga motar da jak har tayoyi su rataya, ka dubi tiyon birki. In ya miƙe kamar tsirkiya, a sa dogo. A gyara sandar da ke daidaita birkin baya da nauyin kaya, don ɗagawa takan ruɗe ta. A daidaita sitiyari, a sauke fitilu kada su makantar da masu zuwa. Bayan tafiyar kasuwa biyu ko uku a sake ɗaure ƙusoshin lam. In an wuce santimita 5, sai gyara ya haifi gyara, kuɗin ƙungiya ba zai iya ba.

Sau da yawa ma ba a bukatar ko ɗaya. Abin da ke fitar da mota daga rairayi shi ne rage iskar taya. In an sauke ta zuwa kilo 1,5 ko kusa da haka, taya takan baje kamar tafin raƙumi, ta hau bisa rairayi maimakon ta haƙa. In kaya sun yi nauyi kada a sauke da yawa, kuma a tafi a hankali. Da an fito kan tsakuwa ko kwalta a mayar da iska, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Ke nan famfon iska, da ma'aunin iska, da shebur, da faranti biyu na sawa ƙarƙashin taya, su ya kamata a fara saya.

Ran da za a yi taron kuɗi, ka ce a ajiye motar a fili ta kwana, ba bisa gangare ba. Bayan sallar asuba ku je, kai da shugaban ƙungiya da mutum biyu, har da wakiliyar mata, tun da da kuɗinsu ciki. Ka taɓa inji da hannu ka ji da sanyi, kada a ce an riga an tada shi cikin dare. Direba ya murza, kai kana ƙirga daƙiƙa kana duban hayaƙi. Ka rubuta abin da ka gani cikin littafi, da kwanan wata. Ku yi haka safiya uku a jere, sannan a buɗe akwatin kuɗi.